Gyaran Malama Zulai a Kwamfutar 'Yan Albasa

Duk wanda ya tashi a Jega kafin waya ta shiga aljihun kowa ya san ƙarar tafiretar Sahabi Akawu. Tun daga bakin tasha kake jiyo ta, ƙwas-ƙwas-ƙwas ba numfashi, sai 'yar ƙararrawa ta buga, ya ture kan injin da hannun hagu ya koma farkon layi. Ƙarƙashin wata dogonyaro yake zama, wadda yanzu an sare ta an kafa rumfar cajin waya a gurbinta, Allah ya shirya wanda ya ba da wannan shawara. Tebur ɗaya gare shi, da bencin masu jira, da dutsen da yake danne takardu saboda iska. Mai neman aiki, da mai ƙarar iyakar gona, da tsohon da ɗansa ke aikin soja a Kudu, duk a bencin nan suke haɗuwa, kowa riƙe da maganarsa a baki yana jiran a mayar masa da ita takarda.

Kuma ya iya mayarwa. Mutum zai zo da fushi yana kumfar baki, ya ce a rubuta wa wane kaza da kaza, Sahabi ya saurara yana gyaɗa kai, ya buga masa takarda mai ladabi da za ta biya buƙata ba tare da an ɓata zumunci ba. In ya karanta wa mai ita, sai ka ji ya ce ai abin da yake nufi ke nan tun farko.

Ɗan Birnin Malam ne, ubansa manomin gero da dawa, kuma ba don wani malamin firamare da ya nace ba, da fartanya ce za ta tsufa a hannunsa. Aka kai shi Sakkwato makarantar koyon tafireta, inda ake rufe wa ɗalibi madannai da ƙyalle don ya koyi bugu ba tare da ya duba ba. Ya dawo da yatsu goma suna aiki, idonsa na kan mai magana, hannunsa na can yana sha'aninsa. Sauri kam ba a magana. Mutane kan tsaya kallo ko ba su da abin bugawa, shi kuwa ya ƙara gyara zama, don Sahabi yana son a kalle shi, kada wani ya gaya maka ba haka ba.

Aibinsa ɗaya ne. Hannunsa na dama yana riga na hagu isa, sai haruffa su yi ta tsallake juna, wani ya shige gaban ɗan'uwansa, wani ya ɓace gaba ɗaya. Yawancin masu zuwa wurinsa ba sa karanta boko, masu karantawar kuwa kunya ke hana su magana. Haka ya yi shekaru yana ganin kansa gwanin da ba ya tuntuɓe, har ranar da wata malamar firamare, 'yar Kuberi ta ƙasar Maiyama, ta zo ya buga mata takardar neman canjin makaranta. Zulai sunanta. Ya buga ya miƙa mata da yanga. Ta tsaya nan gaban jama'a ta karanta, ta zaro jan biro daga jaka, ta yi ta zagaye kalmomi har takardar ta koma kamar an yayyafa mata manja.

"Akawu, a sake," ta ce.

Ya sake, ransa a ɓace. Ta sami wasu. Ya kuma sakewa, 'yan benci na danne dariya da hannun riga. Ya ƙudurta a ransa in ta sake zuwa zai ce mata tawada ta ƙare. Ta sake zuwa, tawada ba ta ƙare ba, kafin kaka ta zagayo an ɗaura musu aure.

Mutanen wancan zamani ne su, masu nauyin baki. Ita ba ta taɓa kiransa Sahabi ba, Akawu take cewa. Shi ma bai taɓa buɗe baki ya ce Zulai ba, ko a ɗaka ko a waje. Malama ce, in kuma cikin maza ne sai ya ce "mutanen gida". Namiji ya zauna cikin 'yan'uwansa yana zancen matarsa, wannan a wurinsu abin kunya ne babba. Amma kullum bayan la'asar zai dawo da takardun da ba na gaggawa ba ya ajiye mata a kan tabarma, ta zauna da jan bironta da kwanon fura a gefe. Ba ta yi masa faɗa, ba ta yi masa wa'azi, zagayewa kawai take yi ta tura masa. Ya yi ƙunƙuni, ya ce idonta ya cika neman laifi, washegari kuma ya kawo wasu.

Da tafireta ta fara tsufa a idon mutane, ƙungiyar manoma da dillalan albasa ta Aliero ta ɗauke shi akawunta. Shugabanta, Alhaji Ɗalha, abokinsa ne tun suna samari masu zuwa wanka gulbi. Aikin ya karɓe shi: takardun taro, wasiƙun direbobin da ke kai albasa Kudu, sanarwar rabon iri da taki. Can sai ƙungiya ta sayi kwamfuta. Ofishinta a lokacin rumfa ce ba wuta, don haka aka girke injin a ɗakin baƙi na gidan Sahabi a Jega, da wani ɗan janareto mai yawan tari. Ya tsani abin. Ya ce madannanta ba su da nauyi, mutum ba ya jin ya buga komai. Malama ce ta je kwas ɗin hutu na malamai ta dawo ta san kan abin, ita ta koya masa kunnawa da kashewa.

A can kwas ɗin ne ta gano cewa manhajar rubutu na da wani lungu da ake koya mata gyara. Ka rubuta mata kuskure a gefe ɗaya, ka rubuta daidai a ɗaya gefen, shi ke nan, duk lokacin da aka buga kuskuren nan, kafin a ɗaga yatsa ta juya shi ya koma daidai. Masu kwamfuta na ce masa otokorek. Malama ba ta gaya masa ba. Ta jira ranar da ya tafi Aliero, ta ɗauko tsoffin takardun da ta zagaye, ta zauna ta yi ta shigarwa. Da ya dawo ya hau aiki, ya buga "alabsa" yadda hannunsa ya saba, kalmar ta yi ƙif ta zama "albasa" a gaban idonsa. Ya janye hannu, ya yi a'uziyya, ya leƙa bayan injin. Dariyarta ce daga bayan labule ta tona asiri.

Daga nan jan biro ya samu hutu. Duk sabon kuskuren da ta kama, sai ta shigar: "Maiyma", "shugbaa", "gaisuaw", da wasu da shi kansa bai san yana yi ba. Babu kwamfutar da ke zuwa daga kanti da sanin hannun Sahabi. Wannan kam ta san shi, don wadda ta zauna da shi shekara da shekaru ce ta koya mata. Ya koma gudunsa na ƙarƙashin dogonyaro, takardu na fita tas, 'yan ƙungiya na cewa Akawu ƙara gogewa yake yi da tsufa, shi kuwa yana amsa yabo ba ko kunya.

Bayan an gina ofis a Aliero an ja wuta, aka ɗauke kwamfutar aka kai can, ya riƙa hawa kabu-kabu kullum safiya. Ba a daɗe ba Malama ta kwanta ciwo. An je asibiti, an yi na gida, wata damina Allah ya karɓi abinsa. Sahabi ya yi zaman makoki yadda ake so namiji ya yi. Aka ce masa ya haƙuri, ya ce da godiya. Babu wanda ya ga hawayensa, har 'yarsa Amira da ta zo daga gidan mijinta a Birnin Kebbi ta ji haushinsa a ranta. Da aka share makoki ya hau kabu-kabu ya koma aiki.

Sanarwar taro ce ke jiransa ranar. Ya ɗora yatsu ya fara, a layi na biyu kalma ta yi ƙif ta gyaru. Ya tsaya. Ya manta sam cewa abin na nan. Ya ci gaba, wata ta kuma gyaruwa, daidai inda da za ta zagaye. Ya tashi ya tura ƙofar ofis, ya koma ya zauna, ya yi kukan da bai yi a gida ba. Tun daga ranar aikin nan ya zama masa wani abu daban. Gida ya yi masa faɗi, tabarmar la'asar an naɗe ta an jingine, amma a ofis in ya saki hannu ya yi gudu, Malama na nan tana bin bayansa tana tsince abin da ya zubar. Bai gaya wa kowa ba, to wa ma zai gaya wa? Shekarun da suka biyo baya, wannan ne ke fitar da shi daga gida da safe.

To, kwamfutar ofis ta kowa ce. 'Ya'yan 'yan ƙungiya na zuwa su zuba mata finafinai da wasanni, wannan ya soka filashi, wancan ya zare, har ta kamu da cuta ta riƙa dogon tunani kafin ta buɗe takarda. Wata hukuma mai tallafa wa manoman rani ta aiko injiniyanta, Munir, mutum mai natsuwa da ya san aikinsa. Ya zo ranar da Sahabi ya tafi taron suna a Katanga. Ya wanke injin daga cutar, sannan ya yi abin da kowane injiniya mai hankali zai yi, ya raba hanyar shiga gida biyu. Tsohuwar ƙofar da kowa ke bi, wadda komai na da ke bayanta, ya mayar da ita ta mai gida ya sa mata kalmar sirri. Ya buɗe sabuwa ta ma'aikaci, inda za ka yi rubutu ka fitar a firinta, amma ba ka da izinin canza komai a jikin injin. Takardun ƙungiya duk ya kwaso su ya zuba a sabuwar. Gyaran Malama bai san da shi ba, ya bar shi can baya.

Da ya gama ya tambaya wa zai riƙe kalmar sirri. Wannan ba tambaya ba ce a ƙungiyar nan, makulli wurin babba yake zama. Na sito, na ofis, na injin ban-ruwa, na akwatin hatimi, duk suna ɗaure a igiya ɗaya cikin aljihun Alhaji Ɗalha, in yana tafe kana jin su kafin ka gan shi. Mutumin da bai taɓa danna kwamfuta ba aka zaunar gabanta ya zaɓi kalmarsa, Munir ya ja masa kunne kada ya buɗe wa kowa, ko wane ne, sai da dalili mai ƙarfi. Alhaji ya ce ya karɓi amana. Wanda ya san Alhaji Ɗalha ya san in ya faɗi haka an gama magana.

Washegari Sahabi ya tarar fuskar kwamfuta ta canza, bai damu ba tunda takardunsa na nan. Ya buga wasiƙar direbobi da gudunsa na kullum, idonsa na kan rubutun hannun da yake kwafa, ya fitar, Alhaji ya sa hannu. A taro ma'aji ya tashi karantawa, ya yi ta cin tuntuɓe layi bayan layi, aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Sahabi ya karɓi takardar ya duba. Dariyar ba ta dame shi ba, an yi masa wadda ta fi ta a bakin tasha. Abin da ya sanyaya masa jiki shi ne ganin tsoffin kurakuransa zube a takarda, babu wanda ya tsince su.

Ya koma ofis ya gwada. Ya buga, ya jira, kalma ta tsaya masa ƙerere a karkace. Ya kashe ya kunna. Ya zare waya ya mayar. Ya ce ko wutar ce ba ta da ƙarfi, ya tada janareto. Da dabara ta ƙare ya tafi wurin Fa'iza, mai shagon buga takardu kusa da mararrabar Jega, wadda Malama ce ta koya mata riƙe fensir a firamare. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ce wasu 'yan gyare-gyare ne suka ɓace masa. Ta nuna masa lungun a tata kwamfutar, ta koya masa yadda ake shigarwa.

Ya zauna zai shigar, sai ya ga 'yan kaɗan kawai yake iya tunowa da ka. Sauran hannunsa ke yin su, ita ke ganin su, shi bai taɓa tsayawa ya dube su ba. Ya shigar da abin da ya samu, suka yi aiki har yamma, amma bai ji komai a ransa ba, don ya san hannun da ya sa su. Da safe ya kunna, babu ko ɗaya. Ya sake shigarwa, suka kwana, suka sake ɓacewa. Ya koma wurin Fa'iza.

"Baba, injin lahiya lau shike," ta ce masa. "Ƙohwar da anka ba ka ta baƙo ce. Kana iya zama, kana iya aiki, amma ba ka da izinin aje komi. Shi ya sa duk abin da ka koya mata, da an kashe ta mance."

"To na dauri fa? Waɗanda ke ciki tun farko?"

"In ba a goge ba, suna can bayan ƙohwar mai gida. Wa ke riƙe da kalmar sirri?"

Sahabi ya san aljihun da makullin yake. Ya sami Alhaji bayan azahar, suka gaisa, suka yi zancen ruwa da na iri, sannan ya ce yana son a buɗe masa tsohuwar ƙofar na ɗan lokaci.

"Mi ka bari ciki?" Alhaji ya tambaya. "Injiniya ya ce ya kwaso takardu duka."

"Wasu 'yan gyare-gyare ne."

"Gyaran mi?"

"Na rubutu."

"To kai ba akawu ba ne? Gyara da hannunka mana. Amana anka ba ni, Sahabi. In na buɗe maka yau don gyaran rubutu, gobe ma'aji ya zo, jibi ɗiyan wane su dawo da sinimarsu. Hwaɗa min dalili mai ƙarhi in buɗe yanzu-yanzu."

Dalilin na nan a bakinsa. Amma mutumin da ya yi zaman aure bai furta sunan matarsa ba, ya binne ta bai yi hawaye gaban maza ba, yau ya tsaya gaban abokinsa ya ce kewarta ce ta kawo shi roƙon makulli? Ya ce ba komai, a bar shi. Alhaji ya ce madalla. Wallahi a nan haushin su biyun ne ke kama mutum, tsofaffin da suka san juna tun ba gemu, ɗaya ya kasa faɗa, ɗaya ya kasa ƙara tambaya.

Tunda ba mai tsince masa, dole ya daina zubarwa. Ya naɗe sauran yatsu ya koma bugu da manuniya biyu, irin na 'yan koyon da yake yi wa dariya a da. Ya duba madanni, ya danna, ya ɗaga kai ya duba allo, ya sake sunkuyawa. Haka aka yi dashe, aka yi ban-ruwa, aka cire albasa aka shanya, motoci suka yi ta lodi. Takardu na fita ba kuskure, ba wanda ya sake dariya. Sai dai mai shayin da ke jikin ofis ya ce shi yanzu ba ya jin Akawu, da kuwa ko ina ka zauna ka san yana ciki. Ya rame, ya fara makara. Abin da ke riƙe da shi kawai maganar Fa'iza ce, cewa suna can ba a goge ba.

Da aka gama kwashe albasa, Munir ya bugo waya ya ce yana tafe ranar kasuwa. Zai sabunta injin gaba ɗaya, ya share tsohuwar ƙofa da tarkacen da ke bayanta, tunda ba wanda ya nemi komai a ciki. Ma'aji ne ya kawo labarin yana murna, ya ce kwamfuta za ta ƙara sauri. Sahabi ya tambaya ko abin da aka share yana dawowa. Ma'aji ya ce ina, ai amfanin sharewar ke nan.

Sahabi ya rufe ofis ya nufi bayan gari, inda Alhaji ke duba rudunsa, gadajen nan na kara da ake jera albasa a kai ta sha iska har kasuwa ta yi kyau. Ya same shi shi kaɗai yana tsintar waɗanda suka fara ruɓewa yana jefarwa. Bai tsaya zancen ruwa ba.

"Ɗalha, ka buɗe min ƙohwar nan kahin injiniya ya share."

Rabon da ya kira shi da sunansa ba Alhaji tun suna samari. Alhaji ya miƙe da albasa a hannu.

"Na hwaɗa maka, dalili nika so."

Sahabi ya dubi ƙasa, ya dubi rudu.

"Zulai na ciki," ya ce.

Sunan ya fito masa baƙo a baki, har muryarsa ta karye a tsakiya. Da ya fito kuwa, sauran bai yi wuya ba. Ya gaya masa yadda ta zauna ta koya wa injin hannunsa kalma-kalma, da abin da ya faru ranar da ya koma aiki bayan makoki. Ya ce tun da ta rasu nan kaɗai take yi masa magana, kuma tun dashe bai ji ta ba. Yana faɗa hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

Alhaji ma ya binne tasa matar, shi ma bai taɓa yin zancenta da kowa ba. Ya ajiye albasar a hankali kan rudu.

"Allah shi jiƙan Malama," ya ce. "Kai kuma Allah shi shirye ka. Rani guda kana ɗauke da wanga abu, muna sallah sahu ɗaya?"

Ranar kasuwa Munir ya iso da jakarsa. Alhaji ya tare shi tun daga ƙofa ya ce kafin a share komai, akwai ajiyar Akawu a ciki. Aka zaunar da Alhaji gaban injin, ya yafa hannun babbar riga ya rufe madannai, ya danna kalmarsa da yatsa ɗaya yana harare-harare. Ƙofa ta buɗe. Sahabi ya faɗi abin da ake nema, Munir ya shiga lungun gyara, ya ga jerin kalmomi na ta gangarowa ba ya ƙarewa.

"Wa ya zauna ya shigar da wannan duka?" ya tambaya. "Aikin shekaru ne."

"Wata malama ce," Alhaji ya amsa, ya ɗauke wa abokinsa nauyin amsar.

Munir ya nemo ɗan fayil ɗin da jerin ke ciki, ya kwafe shi ya kai ɓangaren Sahabi, ya buɗe izinin wurin ajiyar don abin da aka koya wa injin ya daina ɓacewa. Ya kashe ya kunna don a tabbatar, ya kuma zuba kwafi a filashi ya damƙa wa Sahabi a hannu. Sannan ya ja masa kujera ya ce bisimilla, a gwada.

Akwai sanarwar taron ƙarshen rani da ke jira. Sahabi ya zauna, gabansa na faɗuwa kamar mai shiga gaisuwar surukai. Ya ɗora hannu ya fara. Manuniya biyu ne suka sauka, sauran yatsun suka naɗe da kansu. Ya duba, ya danna, ya duba, ya danna. Layi ya cika, wani ya biyo, yana ta jira. Ya yi ƙoƙarin sakin hannu, hannu ya ƙi, tsoron rani guda ya riga ya zauna masa a gaɓoɓi. Ya kai ƙarshen takarda babu kalmar da ta motsa, don babu wadda ya ɓata.

"Ma sha Allah, Baba," Munir ya ce, yana leƙowa ta kafaɗarsa. "Ko kuskure ɗaya babu. Ai kai yanzu ba ka ma buƙatar gyaran."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, yabo ne. Alhaji ya dubi ƙeyar abokinsa, ya kama hannun Munir ya ce ya zo ya ga albasar bana kafin rana ta yi zafi, ya ja ƙofar a bayansu.

Ofis ya yi tsit. Sahabi ya sauka ƙasan takardar inda ba rubutu. Da yatsa ɗaya, yana sane, ya danna haruffa a karkace yadda hannunsa ke yi da kansa a da, ya taɓa dogon madannin da ke raba kalmomi. Kalmar ta yi ƙif ta miƙe. Ya daɗe yana kallonta. A da ita ke zuwa ba a kira ta ba, yau kuwa ya san shi ya kira. Abin ya yi masa zafi, kuma bai iya bari ba. Ya goge kalmar, ya sake ɓata ta.